Motar da Aka Sauya wa Giyabos, Ita Ce Kuwa?

Giyabos na atomatik ba ya mutuwa farat ɗaya, yakan daɗe yana kashedi. Da safe direba zai ja sanda zuwa D, motar ta yi jim kamar ba ta ji ba, sai can ta shiga da ƙarfi har kujera ta girgiza. A kan titi, tsakanin giya ta biyu da ta uku, inji zai ɗaga murya, allurar da ke nuna juyinsa ta haura, gudu kuwa yana nan inda yake. Ranar da bakanike ya ɗebo man ya ɗiga a kan farar takarda, jan nan mai sheƙi ya riga ya koma ƙasa-ƙasa mai duhu, ƙaurin ƙuna na tashi daga jikinsa. A cikin tiren da ke ƙasan giyabos akwai ɗan maganaɗisu da masu ƙira suka sa don ya riƙa kama ƙurar ƙarfe. In aka kwance tire aka tarar ya yi gashi da ɓarɓashi, to magana ta ƙare.

"Alhaji, wannan kam ya gama nasa," abin da bakanike kan ce ke nan, yana goge hannu da tsumma. "Ko dai mu buɗe shi mu sa sababbin fayiba, ko mu nemo Beljiyam mu ɗora." Akwai hanya ta uku da ba a cika faɗarta da ƙarfi a gareji ba, amma kowa ya san ta: a lallaɓa motar ta yi kwana biyu tana tafiya lafiya, a miƙa wa dillali. Zaɓi tsakanin hanyoyin nan ya wuce aikin sifana da jek. A cikinsa akwai wata tambaya da masana falsafa suka yi kusan shekara 2,000 suna juyawa a rubuce, akwai kuma wani hukunci da duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Risala ya taɓa ji.

Motar da ta fi dacewa a kafa misali da ita ita ce Volvo XC90 T6. An fara nuna XC90 a bajekolin motoci na Ditroit a watan Janairun 2002, ana kuma haɗa ta a masana'antar Torslanda da ke Gotenbag a ƙasar Suwidin. Babbar motar iyali ce, nauyinta ya haura tan 2, wasu da kujeru 7. Injin T6 na farko mai silinda 6 ne a jere, lita 2.9, da turbo guda 2, yana ba da ƙarfin doki 272. An kwantar da shi a gicciye, daga wannan taya zuwa waccan, kuma inji mai silinda 6 a jere dogo ne, bai bar wa giyabos wuri ba sai ɗan kaɗan. Ƙanwarta mai silinda 5 ta samu giyabos mai giya 5 na kamfanin Aisin na Japan. Ita kuwa babbar, wadda ta fi ƙarfi, sai aka ɗauko mata na General Motors mai giya 4, dangin 4T65, wanda aka saba gani a motocin Buick da Pontiac da Chevrolet, domin shi ne wurin ya ɗauka.

Turbo fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa a kan hanyarsa ta fita, ita kuma ta cusa wa injin iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar tun 1905. Abin da ke sa direba ya so ta shi ne ƙarfin yana zuwa da wuri, da ɗan taɓa totur mota ta zabura. Sai dai duk ƙarfin nan ta cikin wasu siraran faya-fayan kulochi, wato fayiba, masu iyo a cikin mai zai bi kafin ya kai taya. Da nauyi da zafi da ƙarfin turbo suka taru a kan giyabos ɗin da ke aiki a bakin iyakarsa, sai ya riƙa sarewa tun motar ba ta tsufa ba. Masu motocin ƙirar 2003 zuwa 2005 sun kai ƙara kotun tarayya a jihar Niyu Jazi ta Amurka, aka yi sulhu a 2013. Tun a 2005 kuwa Volvo ta fito da injin V8 na Yamaha haɗe da giyabos mai giya 6 na Aisin, T6 na farko ya fara ja da baya.

Amma mota ba lalle ta ƙare rayuwarta a ƙasar da aka fara sayar da ita ba. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. A can, kuɗin aikin bakanike kaɗai kan fi darajar tsohuwar mota, sai mai ita ya haƙura ya rabu da ita. A nan hannu ya fi araha, don haka motar da aka yanke wa ƙauna a wata ƙasa sai ta sake sabuwar rayuwa, wadda ta yi haɗari kuma a yanka ta a loda sassanta a kwantena. Ta haka ne injuna da giyabos ke isa Ladipo a Legas, da Apo a Abuja, da Fanteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, a jere su a ƙasa, kowanne da 'yar alamar fenti a jikinsa, su ne ake kira Beljiyam.

Aikin ɗorawa ba na mai gaggawa ba ne. Sai an rataye inji daga sama, a cire tayoyin gaba da shaf ɗinsu, a sauke ƙarfen da inji da giyabos ke zaune a kai, a kwance ƙaramin akwatin da ke kai ƙarfi tayoyin baya, kafin giyabos ya yarda ya fito. Wurin mayarwa ake gane gwani. Akwai wani rufaffen kaskon ƙarfe cike da mai, konbata, wanda ke tsakanin inji da giyabos a madadin kulochin ƙafa. Dole a tura shi ana juyawa har ya zauna daram a bakin famfon mai. In ya rage kaɗan aka ɗaure kusoshi a kai, famfon ya tafi tun kafin mota ta bar gareji. Akwai bututun da ke kai man giya lagireto ya huce ya dawo. Ɓarɓashin da mataccen giyabos ya zubar yana nan kwance a cikin bututun da lagireton, in kuwa ba a wanke su tas ba, ko a sauya lagireton, abin da ya kashe tsohon shi zai kashe sabon. In ma lagireton ne ya ɓule daga ciki, ruwan sanyaya inji ya gauraya da man, fayiba za su jiƙe su ɓare. Sai man kansa: na General Motors Dexron yake so, na Aisin kuma mai lamba JWS 3309, ga shi duk jajaye ne, ido ba ya rarrabewa. Daga ƙarshe sai kwamfutar giya, wadda ta shekara da shekaru tana koyon halin tsohon giyabos, tana ƙara masa matsin mai gwargwadon yadda yake lalacewa. Sai an goge mata abin da ta koya ta fara da baƙon daga farko.

An gama. Mota ta sauka daga kan jek, ta shiga giya sumul. Lambarta ita ce, fentinta shi ne, zanen biron da yaro ya yi a kujerar baya yana nan. To ita ce?

Marubucin Girka Fulutak, wanda ya rayu a ƙarshen ƙarni na 1 da farkon na 2 na miladiyya, ya ba da labarin wani jirgin ruwa mai matuƙi 30 da mutanen Atina suka adana, suna cewa a cikinsa gwarzonsu Tisiyos ya dawo daga tsibirin Karita. Duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo, suka yi ta haka har zamanin Dimitiriyos na Falerom, wanda ya mulki birnin daga 317 zuwa 307 kafin miladiyya. Fulutak ya ce masana sun rabu biyu a kan jirgin, wasu na cewa shi ne dai, wasu na cewa an daɗe da rabuwa da shi. A 1655 Tomas Hobs na Ingila ya ƙara wa tambayar gishiri. Ya ce a ƙaddara wani ya riƙa tsince tsofaffin katakan yana ajiyewa, da suka cika ya harhaɗa su ya tayar da jirgi. Yanzu jirage biyu ke nan, ɗaya yana da suna da mazauni, ɗaya yana da katakan asali. Wanne ne na Tisiyos?

Abin da Hobs ya ƙaddara a zuci, a kasuwar kayan gyara sana'a ce ta kullum. Giyabos ɗin da aka sauke ba ya tafiya bola. Wani zai saye shi, ya buɗe, ya sa masa fayiba da robobi, ya koma cikin wata motar. Wanda aka ɗora kuma yana da tasa uwar, wata mota da aka yanka a wata ƙasa, wadda ƙofofinta ke wani gari, injinta ke wani.

Hukumomi ba su da lokacin jiran masana su daidaita, dole su ba da amsa yau. Amsarsu ita ce gangar jiki: lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, wadda ta zama doka a Amurka tun 1981, ita ce sunan yankan mota. Takardun mota a Najeriya suna ɗauke da lambar shasi da lambar inji, giyabos ko ambatonsa ba a yi. Hukumar rajistar motoci ta Birtaniya, DVLA, ta fi kowa ƙoƙarin mai da falsafa lissafi. Ta yi shekaru tana aiki da tsarin maki ga motar da aka yi wa babban sauyi: gangar jiki ta asali maki 5, giyabos 2, sitiyari 2, aksul 2, kayan da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya 2, inji kuwa 1 kacal. Motar da ta tara 8, muddin 5 na gangar jiki na ciki, ta riƙe lambarta. Wadda ta gaza sai a ba ta sabuwar lamba mai farawa da Q. Abin lura, a ma'aunin nan giyabos ya ninka inji. Amma ko su masu tsarin ba su ce sun gano haƙiƙanin mota ba. Sun dai ja layi ne a inda za a iya aiki da shi, don a san wa za a tambaya haraji, wa za a kama in an yi sata.

Malaman Musulunci sun gamu da tambayar a wurin da ya fi jirgi nauyi, wato tashin ƙiyama. Masu falsafa sun kawo shubuha cewa jikin mamaci yakan zama ƙasa, ƙasa ta zama tsiro, wani ya ci, to wane jiki za a tayar wa wa? A mas'alar ƙarshe ta littafinsa Tahafutul Falasifa, Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya nuna musu cewa ko a duniya sassan jikin mutum ba su tsaya wuri ɗaya ba. Jikin tsoho ba shi ne na jaririn da ya kasance ba, ya yi ƙiba ya rame, abinci ya shiga ya fita, amma ba wanda ya taɓa shakkar shi ne, domin ransa ɗaya ne. Hujja ce mai ƙarfi ga ɗan Adam. Ga mota kuwa ba ta aiki, tunda mota ba ta da rai. Ba wani abu a cikinta da zai riƙe sunan in sassa suka tafi.

In ma aka duba da kyau, ita XC90 ɗin tun ranar da ta fito daga masana'anta tattare-tattare ce. Kamfanin Ford na Amurka ne ya mallaki Volvo daga 1999 zuwa 2010, giyabos na abokin hamayyarsa General Motors ne, turbo na Mitsubishi ne, na'urar da ke raba ƙarfi ga tayoyi huɗu ta Haldex ce. Abin da ake kira asali bai wuce haɗin farko ba. Don haka ba wani tsarki da motar ta rasa ranar da aka sauya mata giyabos, kuma mai cewa ta zama jabu ya yi mata ƙazafi. Abin da ta rasa wani abu ne daban, kuma ya fi muhimmanci: sassanta sun daina tarayya a tarihi ɗaya. Kafin sauyin, malejin da ke gaban direba yana magana ne da yawun motar gaba ɗaya. Bayan sauyin, yana faɗin tafiyar gangar jiki da inji ne kawai. Giyabos yana da tasa tafiyar, wataƙila rabin wannan, wataƙila ninkinsa, wataƙila ya yi shekaru yana jan tirela a ƙasar duwatsu. Mota ɗaya ta zama mai shekaru iri biyu, kuma ɗaya daga cikinsu ba a rubuce yake a ko'ina ba sai a kan mai motar da bakanikensa.

A nan ne fiƙihu ya yi abin da falsafa ba ta yi ba. Bai tsaya jayayya a kan ko ita ce ko ba ita ba ce. Ya ɗauke ido daga kan hajar ya mai da shi kan mutane biyun da ke tsaye a gefenta. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, a babin ciniki na Risala ya jero abubuwan da ba su halatta ba, irin su algus da yaudara da ɓoye aibi da gauraya mummuna da kyakkyawa. Sai ya ƙara wani ma'auni da ya fi waɗannan faɗi: bai halatta mai sayarwa ya ɓoye duk wani abu game da hajarsa wanda in ya faɗa mai saye zai ji ya ƙi ta, ko kuɗinta ya ragu. Ma'aunin bai tambayi ko abin aibi ne ba. Giyabos ɗin da gwani ya ɗora, ya wanke bututu, ya zuba man da ya dace, zai iya fin na asali lafiya, ba kuma wanda zai kira shi aibi. Amma shin mai saye zai so ya sani? Shin in ya sani tayinsa zai sauya? Duk wanda ya taɓa sayen mota ya san amsar, mai sayarwa ma ya san ta, shi ya sa yake jin nauyin faɗa. Nauyin nan da yake ji shi ne shaida a kansa.

Wannan ga motar da aka gyara ke nan. Wadda aka lallaɓa kuwa hukuncinta ya fi fitowa fili, har ma akwai misalinta a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a ƙi tatsar raƙuma ko tunkiya na 'yan kwanaki don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye. Wanda ya saya ya gano, yana da zaɓin ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Mai dabbar bai buɗe baki ya yi ƙarya ba, ya dai shirya abin da ido zai gani. Haka mai zuba mai mai kauri don giya ta daina zamewa na mako guda. Haka mai sa kwamfuta ya goge alamun matsala da safen ranar da za a zo gani, ko ya cire ƙwan fitilar gargaɗi daga bayan gilashin maleji. Haka mai cewa, "Ranka ya daɗe, zagaya layin nan ka dawo ka ji ta," alhali ya san cutar ba ta tashi sai mai ya yi zafi bayan doguwar tafiya. Muslim ya kuma ruwaito ranar da Annabi ya tura hannunsa cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, Annabi ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma barrantar da kansa daga mai algus. Mutumin bai jiƙa hatsin da gangan ba, kamar yadda mai mota bai kashe giyabos ɗinsa da gangan ba. Laifin ya fara ne daga wurin jerawa.

Dillalai suna da amsarsu, ba kuma ta banza ba ce. Sukan ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Mai sayen mota mai shekara 20 ba sabuwa ya zo nema ba. Gaskiya ne, shari'a ma ba ta ba mai saye damar dawo da haja saboda abin da ya gani da idonsa ya yarda ba, ko abin da kowa ya san tsufa kan kawo. Kujera ta kwanta, fenti ya koɗe, wannan duk cikin farashi yake. Sai dai ramukan rariya a fili suke. Abin da ake magana a kai shi ne wanda ɗaya ya sani, ɗayan ba shi da hanyar sani, aka kuma yi shiru da niyya. Ko kalmar nan da ake rufe ciniki da ita, "yadda ka gan ta haka na sayar maka," ba ta da ƙarfin da ake zato. Malamai sun yi saɓani a kan sharaɗin kuɓuta daga aibi, Hanafawa sun faɗaɗa shi, amma a mazhabar Imamu Malik ba ya wanke mai sayarwa daga aibin da ya sani ya ɓoye.

Mai sayar da giyabos a kasuwa matsayinsa daban ne, kuma ya cancanci a yi masa adalci. Sau da yawa shi ma bai san abin da ke ciki ba; a kwantena ya zo masa, rufe, bai taɓa ganin motar da aka cire shi ba. Malamai sun yafe ɗan ƙaramin rashin sani da ciniki ba ya rabuwa da shi, suna misali da harsashin gida da ke binne ko audugar da ke cikin riga mai ninki. Amma harsashi bi yake yi, gidan ake saye. A giyabos kuwa abin da ke ɓoyen shi ne hajar dukanta, ƙarfen waje ba ya tuƙa kowa. Mafitar da fiƙihu ya tanada ita ce cinikin zaɓi: a yanka wa'adin gwaji gwargwadon irin hajar. Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, a Muhtasar ɗinsa ya ba gida kamar wata guda, dabba kuma kamar kwana 3. Kasuwa ta gano wannan da kanta, shi ya sa ake ba da 'yan kwanakin garanti. Inda gyara ya rage shi ne ranar fara ƙirga. In wa'adi ya soma daga ranar biyan kuɗi, aikin ɗorawa ya cinye rabinsa, neman mai kwamfuta ya cinye saura, to an ba da sunan zaɓi ne ba zaɓin ba. Tunda don gwaji aka yi shi, kamata ya yi ya soma ranar da mota ta taka titi, a kuma faɗa tun farko wa zai ɗauki kuɗin aiki da na mai in aka dawo da kaya. Wanda ba shi da uzuri ko kaɗan shi ne mai sayen mataccen giyabos na gida, ya wanke shi da fetur, ya shafa masa alamar fenti, ya jera shi cikin na Beljiyam.

Bai kamata a ɓoye cewa gaskiya a wannan kasuwa tana da tsada ba. Wanda ya ce, "Na sauya mata giyabos bara, ga wanda ya yi aikin, ga lambar wayarsa," sau da yawa za a rage masa kuɗi, maƙwabcinsa da ya yi shiru ya sayar da tsada, ya kwana lafiya a ganin mutane. Hadisin Hakim bin Hizam ya yi wa masu ciniki alkawarin albarka in sun yi gaskiya sun bayyana, ya kuma ce ana shafe ta in sun ɓoye sun yi ƙarya. Bai yi alkawarin farashi mafi tsada a ranar ba, kuma malamin da ya ce wa mutane haka ya ɗora su a kan abin da kasuwa za ta ƙaryata gobe da safe. Wani ɓangaren albarkar na Lahira ne, wani na zuciya. Wani kuma ana iya ganinsa da ido, sai dai ba a aljihun mutum ɗaya ba. A 1970 masanin tattalin arziki Joj Akalof ya rubuta maƙala a kan kasuwar motocin hannu, wadda tana cikin abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2001. Ya nuna cewa idan mai saye ba zai iya bambanta lafiyayyiya da mai ciwo ba, zai taya kowace mota da kuɗin tsaka-tsaki. Mai lafiyayyiya ya ga tayin bai kai ba ya janye tasa, sai matsakaicin ingancin da ke kasuwa ya faɗi, tayi ya ƙara faɗuwa, wasu ma su janye. Duk wanda ya ga yadda motar da aka yi amfani da ita a gida ke faɗuwa a farashi gaban wadda ta sauka daga jirgi, ko da ta fi ta lafiya, ya ga abin da Akalof ke nufi. Masu gaskiya ne ke biyan bashin shirun da wasu suka yi.

Nauyin kuma ba a wuyan mai mota kaɗai yake ba. Bakaniken da ya zuba mai kaurin ya san dalilin da aka ce ya zuba. Dillalin da ya ji labari a gareji, ya zo gaban mai saye yana cewa "ba abin da aka taɓa mata," la'adarsa ta gauraya. Akwai kuma bakaniken da mai saye ya ɗauko ya biya don ya duba masa, aka ja shi gefe aka damƙa masa wani abu. Shi cin amanarsa ya fi na kowa muni, domin idonsa aka yi haya.

Mafi wuyar hali shi ne na wanda aka riga aka cuta. Ya tara kuɗinsa ya sayi mota, mako biyu giya ta fara zamewa, bakanike ya buɗe ya ga alamar an taɓa lallaɓa ta. Abokai za su ce masa, "Malam, yadda aka sauke maka kai ma sauke wa wani." Zuciya na karɓar maganar da sauri, domin a ganinsa ba riba yake nema ba, kuɗinsa kawai yake so su dawo. Amma mutumin da zai saya daga hannunsa bai ci masa ko sisi ba. Haƙƙinsa yana wurin wanda ya sayar masa, kuma fiƙihun Malikiyya ya fayyace shi: in motar tana nan yadda ya karɓe ta, ya mayar ya karɓi kuɗinsa ko ya riƙe ta a haka; in kuwa mayarwa ta gagara, a ƙiyasta darajarta lafiya lau da darajarta da ciwon, a biya shi abin da ke tsakani gwargwadon kuɗin da ya biya. Sharaɗin shi ne kada ya ci gaba da hawanta bayan ya gano, domin ana ɗaukar hakan a matsayin ya yarda. Sai ya ajiye ta, ya riƙe man da aka tsiyaye a galan da maganaɗisun da ɓarɓashinsa, ya ɗauki bakaniken da ya buɗe ta a matsayin shaida, su nufi wurin dillalin, in ya ƙi su wuce wurin shugaban 'yan kasuwar, in nan ma ta ƙi su dangana da alƙali.